Layi Ba Mutum Ba Ne

 

Mai girma shugaban wannan zama, malamaina, iyayenmu shugabannin ƙungiyoyin manoma da suka yi sammako daga Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Ɗandume, da ƙannena ɗaliban kwamfuta da na hango sun cika kujerun baya, barkanku da zuwa. An ba ni batu mai nauyin suna: yadda ake yi wa manhajar aika saƙo garambawul a wajen ajiye lambobin mutane da wajen ajiye saiti. Da aka karanto shi, na ga wasu dattawa sun gyara zama irin na mai shirin gyangyaɗi. Ku yi mini haƙuri, iyayena, maganar ta fi shafarku a kan yaran nan.

Ina roƙon kowa ya fito da wayarsa, ya shiga wurin lambobi, ya rubuta "Sani". Na tabbata wani zai ga irin su Sani Taki, Sani Taki 2, Sani Taki Sabo, Sani Direba, da wani Sani zalla wanda bai san ko wane ne ba amma yana tsoron goge shi. Ukun farko kuwa mutum ɗaya ne. Layinsa na farko ya faɗi a gona, na biyu an toshe shi lokacin haɗa layi da lambar NIN, na ukun ne yake ɗauka yanzu, shi ma sai da yamma, don da rana wayar tana hannun ɗansa. Kai ka san duk wannan tarihin. Wayarka ba ta sani ba, a wurinta mutum uku ne. To idan wannan hargitsi yana cikin aljihun mutum ɗaya, yaya ke nan manhajar da ke riƙe da sunayen manoman ƙaramar hukuma guda?

Bari in fara da kalmar garambawul, don ba kowane gyara nake nufi ba. A sana'armu akwai aikin da ake sake tsara cikin manhaja ba tare da an sauya ko ƙwayar zarra daga abin da take yi wa mai amfani da ita ba. Ba a ƙara mata sabon maɓalli, ba a sake mata launi. Jiya ka danna ta aika saƙo, yau ma ka danna ta aika, amma a ciki an kwashe tarkace, an haɗe abin da ya warwatsu, an raba abin da ya cakuɗe. William Opdyke ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan wannan a Jami'ar Illinois a 1992, sannan littafin Martin Fowler na 1999 ya yaɗa shi a tsakanin masu sana'ar. Manomi ba ya bukatar kowane littafi kafin ya gane. Mutum ne ya ga rumbunsa ya fara tsagewa, ya kwashe dawar, ya toshe ramin ɓera, ya sake yaɓe, ya ɗora sabuwar jinka, ya mayar da dawar. Dami nawa ya fitar, dami nawa ya mayar? Daidai wa daida. Maƙwabcin da ya leƙo zai ce ba ka yi komai ba, dawarka ba ta ƙaru ba. Gaskiyarsa. Amma baɗi ne za a ga wanda ya yi aiki.

Shi ya sa wannan aiki yake da wuyar samun mai biya. Shugaban ƙungiya yana son ya ga sabon abu da zai nuna wa mambobi, kai kuma kana ce masa ka yi wata guda kana aiki, kuma alamar nasararka ita ce babu abin da ya sauya. A 1992 ɗin nan dai Ward Cunningham ya kwatanta rubutun manhaja na gaggawa da cin bashi. Mu a nan mun san irin bashin: wanda ake ci da damina lokacin da taki ya yi wuya, a karɓi kuɗin buhu ɗaya, da kaka a biya da abin da ya fi haka nesa. Ba laifi ba ne a ci shi idan gona za ta lalace. Laifin shi ne a mance ana bin ka.

Ni ma na ci irin wannan bashi, kuma da shi zan yi muku misali don kada in taɓa kowa. Na taɓa rubuta wa wata ƙungiyar manoma 'yar ƙaramar manhaja da sakatare zai riƙa tura wa mambobi saƙo: ranar rabon taki, ranar taro, farashin masara da waken suya. Gaggawa ake yi, shuka ta gabato. Da na zo tsara rumbun bayanai, dole in zaɓi abin da zai bambanta wannan mamba da wancan. Suna ba zai yi ba, don Musa Abdullahi sun fi a ƙirga. Sai na ce ai ga lambar waya, kowa da tasa. Na ɗaure komai a jikinta: sunan mutum, ƙauyensu, girman gonarsa, saƙonnin da aka tura masa, bashin da ake bin sa. Ranar na kwanta ina jin kaina gwani.

Ba a yi nisa ba asiri ya tonu. Sakatare ya rubuta lambar wani da 0803 a farko. Mataimakinsa ya kwafo ta daga WhatsApp, ta zo da +234. Wani ya turo jerin sunaye a Excel, shi kuwa Excel idan ya ɗauki abu a matsayin adadi sai ya haɗiye sifirin farko, lambar ta koma tana farawa da 803. Mutum ɗaya ya zama uku, saƙo ɗaya yana isa gare shi sau uku, ƙungiya tana biyan kuɗin uku, kuma a lissafin taki an ware masa kaso uku. Wannan ma mai sauƙi ne, don akwai wanda ya yi dariya. Wanda ba a yi dariya ba shi ne na gidan da waya ɗaya ce tak: maigida, ƙaninsa, 'ya'yansa biyu da suka yi aure, da uwargida mai gonarta ta gyaɗa a bayan gari. Manhajata ta karɓi maigida, sauran huɗun duk ta ce an riga an yi wa wannan lamba rajista. Ban zauna na yanke hukuncin cewa matar nan ba manomiya ba ce. Amma abin da na rubuta ya yanke, kuma ita ba ruwanta da bambancin.

Kada ku ɗauka wannan kuskuren ƙananan masu koyo ne kawai. Dattawan da ke nan sun tuna shirin tallafin taki na 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, wanda ake turo wa manomi saƙo a waya ya je wurin dila ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Tunanin mai kyau ne, an so a zagaye 'yan tsakiya da suka daɗe suna karkatar da takin gwamnati. Amma ginshiƙin shirin shi ne zaton cewa kowane manomi yana da layinsa, yana hannunsa, kuma akwai sabis a garinsu. Wanda aka yi kuskuren rubuta lambarsa, da wanda ya ba da ta ɗan'uwansa, da wanda ya sake layi tsakanin rajista da rabo, ku kuka san yadda suka ƙare a bakin shagon dila.

Ɗalibai, ku buɗe kunne a nan, don duk abin da kuke zato game da lambar waya, ƙasar nan ta riga ta ƙaryata shi. Da aka fara wayar salula ta GSM a 2001, lambobi da 080 suke farawa, kuma akwai waɗanda suka rubuta a manhajarsu cewa duk lambar da ba ta fara da haka ba ta bogi ce. Sai ga 070, ga 081, ga 090, ga 091. Akwai masu cewa 0803 ai MTN ce, 0805 Glo ce. Tun watan Afrilun 2013 mutum yana iya ɗaukar lambarsa ya koma wani kamfani da ita, don haka farkon lamba ba ya gaya maka layin da take kai a yau. Akwai masu cewa lamba dole ta cika 11. To ɗan kasuwar Maraɗi da ke sayen masararku fa, wanda tasa 8 ce bayan +227? Kuma ƙasa sukutum tana iya wayar gari ta sake tsawon lambobinta. Kodebuwa ta tashi daga 8 zuwa 10 a ƙarshen Janairun 2021. Jamhuriyar Benin ta ƙara 01 a gaban lambobinta a ƙarshen Nuwamban 2024. Duk Bahaushen da ke da abokin ciniki a Abijan ko Kwatano sai da ya bi lambobin nan ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa. Mutanen ba su sauya ba, bashin da ke tsakani bai sauya ba, lambar ce kawai ta sauya.

Mafi haɗari shi ne layin da ya sake mai shi. Idan aka daɗe ba a yi amfani da layi ba, kamfani yana karɓe lambar ya sayar wa wani. Manhajar da ta ɗauki lamba a matsayin mutum za ta ci gaba da tura wa baƙo saƙon da ke cewa ana bin ka kaza, ko ka zo ka karɓi kaza. WhatsApp kansa ya san da wannan, shi ya sa ya ce idan asusu ya yi kwana 45 ba a taɓa shi ba, sannan aka kunna lambar a wata wayar daban, yana ɗaukar cewa lambar ta sake hannu, sai ya goge bayanan tsohon mai ita. Dabara ce ta toshe ɓaraka, ba magani ba.

To yaya aka yi na fita? Zuciya ta fara raya mini in watsar da komai in sake rubutawa daga farko. Duk mai wannan sana'a ya san wannan waswasi, kuma yawanci sharri ne. Tsohon rubutu, duk muninsa, yana ɗauke da darussan da aka koya da wahala, waɗanda ba a rubuta su a ko'ina ba sai a jikinsa. Garin neman gira sai a rasa ido.

Abin da na fara yi bai yi kama da gyara ba ko kaɗan. Na zauna na rubuta gwaje-gwaje, wato ƙananan umarni masu tambayar manhaja: idan na ba ki wannan, me za ki mayar mini? Na rubuta amsar da take bayarwa a lokacin, har da wadda na san kuskure ce. Wannan shi ne ƙirga dami kafin a fasa rumbu. Wanda bai ƙirga ba, idan ya mayar ba zai san ko ɓera ya ci ko yara sun ɗiba ba. Daga nan duk abin da na taɓa, sai in sake kunna gwajin. In ya yi ja, na san hannuna ne, kuma na san a ina.

Sai na bi rubutun ina neman duk inda ake taɓa lambar waya. Na same shi a wurin rajista, a wurin shigo da jeri daga Excel, a wurin tura saƙo, a wurin bincike, a wurin fitar da rahoto, kowanne da irin tasa dabarar ta cire sifiri ko ƙara 234, kuma ba su yarda da juna ba. Ni ne na rubuta su duka, a ranaku daban-daban, kowace rana da irin wayon da na tashi da shi. Na rushe su na gina ƙofa ɗaya. Duk lambar da za ta shigo, ta nan za ta bi, a wanke ta, a mayar da ita siffa guda ta ƙa'idar duniya da ake kira E.164: alamar tarawa, lambar ƙasa, sannan sauran, ba sifirin farko, ba tazara, kuma duka ba sa wuce 15. Ban ma wahalar da kaina wajen haddace tsarin kowace ƙasa ba. Google yana da wani kayan aiki na kyauta, libphonenumber, wanda ake sabunta shi duk lokacin da wata ƙasa ta sake tsari. Girman kai ne kawai zai sa ɗalibi ya ce sai ya rubuta nasa.

Babban aikin shi ne raba mutum da layi. Kowane mamba na ba shi wata lamba ta cikin gida wadda ba ta da alaƙa da wayarsa, ba ya ganinta, ba ta sauyawa har abada. Gona da bashi da tarihin saƙo duk suka koma jikinta. Lambobin waya kuma suka koma wani jadawali na daban mai cewa: wannan layi, daga rana kaza zuwa rana kaza, ta nan ake samun wane. Mutum ɗaya yana iya samun layi uku. Layi ɗaya yana iya zama hanyar isa ga mutum biyar. Har na ƙara gurbin da ke nuna ko layin nasa ne ko na aro ne, domin saƙon taro ana iya tura shi ta wayar ɗa ko ta mai shagon caji, amma saƙon bashi ba a yi masa haka. Wannan ba ilimin kwamfuta ba ne, tarbiyya ce, kuma babu wanda zai sa ta cikin manhaja in ba wanda ya tashi a cikinta ba.

Ƙaurar ma ba a rana ɗaya na yi ta ba. Na gina sabon jadawali kusa da tsohon, na sa manhaja tana rubutawa a duka biyun, tana karantawa daga tsohon. Da na ga sun daidaita, na juya ta tana karantawa daga sabon. Sai da aka ɗauki lokaci ba a ji kuka ba sannan na rushe tsohon. A kowane mataki akwai hanyar komawa baya. Wurin da na ƙi yarda na'ura ta yanke hukunci ita kaɗai shi ne haɗe sunayen da suka yi kama. Idan ta ga Musa Abdullahi biyu a ƙauye ɗaya, sai ta ajiye su gaban sakatare ta tambaye shi. Raba mutum ɗaya gida biyu ɓarnar kuɗi ce. Haɗe mutum biyu su zama ɗaya kuwa, ka ɗora wa wani bashin wani, rigima ce da za ta kai gaban mai unguwa.

Tun da na ambaci suna, bari in ɗan ratse. Harshenmu yana da ƙ da ɗ da ɓ, kuma mutum uku za su rubuta Ɗanja iri uku: wani da lanƙwasa, wani ba lanƙwasa, wani ya sa ɗigon waƙafi a gaban harafin. Idan mai bincike ya rubuta ɗaya, ya kamata duka su fito, amma a ajiye sunan yadda mai shi yake rubuta shi. Ga kuma abin da ba kowa ya sani ba. Saƙon tes na yau da kullum yana ɗaukar harafi 160. Amma haruffanmu masu lanƙwasa ba sa cikin jerin da aka tsara wa tes tun asali, don haka ƙ guda ɗaya tak ta shiga saƙo, sai a koma wani tsarin da ke ɗaukar 70 kawai. Saƙon da zai tafi a shafi ɗaya ya zama uku. Ƙungiya za ta zaɓa: ta rubuta Hausa daidai ta biya ƙari, ko ta cire lanƙwasa ta yi tsimi. Ni ina da ra'ayi, amma ba ni ke biyan kuɗin ba. Abin da ya wajaba a kaina shi ne kada in binne wannan zaɓi a cikin rubutun manhaja inda ba mai iya sauya shi sai ni.

Wannan ya kawo mu kan saiti. Saiti shi ne duk wata shawara da za ta iya sauyawa ba tare da aikin manhaja ya sauya ba: harshen saƙo, lokacin da ba a tura saƙo don mutane sun kwanta, sau nawa za a sake gwadawa idan bai tafi ba, sunan kamfanin layi. Ku dubi na ƙarshen nan. Layin 0802 ya fara da sunan Econet, ya koma Vmobile, ya koma Celtel, ya koma Zain, ya zama Airtel a 2010. Etisalat ta zama 9mobile a 2017. Wanda ya rubuta sunan kamfani a wuri ashirin cikin manhajarsa, duk sauyi sai ya bi wuri ashirin, kuma sai ya mance ɗaya.

Nawa saitin a warwatse yake kamar kayan ɗakin gwauro: wani a cikin rubutun kansa, wani a ƙaramin fayil, wani a rumbun bayanai, wani kuma a wuri biyu da amsa biyu masu karo da juna. Maganin irin na lambobi ne, ƙofa ɗaya. Amma da na tattara su sai na ga ashe ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai na mutum, kamar harshen da ya zaɓa, wanda ya kamata ya bi shi ko ya sake waya. Akwai na wayar kanta, kamar wane sim ne na tura saƙo a cikin biyun da ke Tecno ko itel ɗinsa, wanda in ya bi shi sabuwar waya sai ya yi ɓarna. Akwai na ƙungiya, wanda shugabanni ne kawai ke da ikon taɓawa. Sannan akwai sirri, kamar mabuɗin asusun da ake cirar kuɗin saƙo, wanda ba ya zama tare da sauran ko kusa. Na sha ganin ɗalibi ya ɗora aikinsa a intanet don a yaba masa, da mabuɗin a ciki tsirara.

Abu biyu na koya a nan da ba a faɗa mini a aji ba. Na farko, wayar manomi tana mutuwa ba sallama. Batir ya kusa ƙarewa, ba wuta, manhaja tana tsakiyar rubuta saiti, sai ɗif. In an kunna, rabin fayil sabo rabi tsoho, manhaja ta ƙi tashi. Don haka ko dai a rubuta sabon a gefe, sai ya kammala a musanya shi da tsohon a bugu ɗaya, ko a bar wa rumbun bayanai na SQLite aikin, wanda aka gina shi a kan ƙa'idar ko duka ko babu. Na biyu, a sa wa tsarin saitin lambar zubi. Akwai wanda zai shekara biyu bai sabunta manhaja ba saboda tsadar data, ranar da ya sabunta dole sabuwar ta gane tsohon tsari ta ɗauko shi mataki-mataki, ba ta share masa komai ba.

In kuna ganin saiti ƙaramin abu ne, ku tuna 4 ga Oktoban 2021. Wani umarni da aka bayar cikin kuskure lokacin aikin gyara a na'urorin da ke haɗa cibiyoyin Facebook ya kifar da Facebook da Instagram da WhatsApp a duniya baki ɗaya na wajen awa 6. Duniya ta yi ta kururuwa. Mu a nan ba mu ma san an yi ba, don tun watan Satumba an katse sabis a Funtuwa da Malumfashi da Bakori da wasu ƙananan hukumomin jihar nan saboda matsalar tsaro, ba a dawo da shi ba sai a Disamba.

Watannin nan sun koya mini abin da ba na mancewa. WhatsApp yana riƙe saƙon da bai isa ba na kwana 30, daga nan ya watsar. Asusun da ya yi kwana 120 bai leƙa intanet ba, yana iya share shi. Wani ne ya zauna a Kalifoniya ya zaɓi waɗannan adadi, kuma a wurinsa sun wadatar, don bai taɓa tunanin garin da zai yi wata uku ba sabis ba, inda mutum zai shiga mota ya yi tafiya don kawai ya kira ɗansa. Ban ga laifinsa ba. Amma kai ɗan Funtuwa da ka rayu a cikin abin, idan ka rubuta manhajar da ke yanke ƙauna daga mamba bayan mako biyu, kuma ka kafe adadin a inda ba ya sauyuwa, kai ba ka da uzuri.

Manyan kamfanoni ma suna kan hanyar raba mutum da layi, kuma ba da gudu suke ba. Da yawanku kun yi zamanin 2go da BBM, inda ake neman mutum da suna ko da fin, ba da lambar waya ba. WhatsApp, wanda aka kafa a 2009, ya yi nasara ne saboda ya ce lambarka ita ce kai, ba sai ka haddace komai ba. Sauƙin nan ne ya kai shi har wayar kakanninmu, kuma shi ne ya zama masa ƙaya daga baya. Signal ya shafe shekaru yana sake tsarin cikinsa kafin a 2024 ya iya ba mutane damar magana da suna ba tare da nuna lamba ba. WhatsApp sai a Oktoban 2024 ya sanar da cewa za a iya ajiye lambobin mutane a cikinsa, ba dole sai a littafin wayar ba. Kamfanoni masu ɗimbin injiniyoyi ke nan. Bashin da aka ci a ranar farko ne suke ta biya.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta fi damuna. Jerin da ke ɗauke da sunan manomi, ƙauyensa, lambarsa, girman gonarsa da buhu nawa ya samu bana, a wannan yanki da a wannan zamani, ba takarda ba ce kawai. Kowa a zauren nan ya san wanda zai so ya same shi, daga Faskari har Ƙanƙara. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023, kuma ta hau kan ƙaramar ƙungiya kamar yadda ta hau kan banki. Amma tun kafin doka akwai amana. Lokacin garambawul shi ne lokacin da ya fi dacewa a tsaya kan kowane gurbi a tambaya: wannan me ya sa muke ajiye shi? Ni da na yi wannan tambaya na goge gurbin yawan amfanin gona gaba ɗaya, don aika saƙo ba ya bukatarsa. Na kuma hana manhajar kwashe duk lambobin da ke cikin wayar sakatare, don surukansa da abokansa ba su shiga ƙungiya ba. Abin da ba ka ajiye ba, ba a iya sace shi a hannunka.

Iyayena shugabanni, idan yaron da ke kula muku da manhaja ya ce yana neman lokaci da ɗan abin hannu don ya gyara cikinta, kada ku ce masa me za mu gani. Ku tambaye shi ko ya rubuta gwaji, ko ya ajiye kwafin bayanan a wani wuri, da kuma yadda zai koma baya in abu ya ɓaci. In ya amsa ukun nan, ku ba shi. Ku kuma ƙannena, kada wanda ya taɓa rumbun bayanan ƙungiya a makon rabon taki ko ana tsakiyar awo da kaka. Ku jira rani, lokacin da in saƙo ya yi jinkirin kwana ɗaya ba wanda zai rasa shuka. Kafin ranin ya zo, ina roƙon kowannenku ya je ƙauye ɗaya, ya zauna da sakataren ƙungiya da littafinsa na takarda, ya tambaye shi gida nawa ne suke amfani da waya ɗaya.